Yadda Ake Sauraron Jazz, Funk, Punk da Metal Har Kunne Ya Waye

Ranar da na fara kunna kiɗan metal a tsakar gidanmu, da wata tsohuwar rikoda mai cin batir shida, Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai Auta, injin markaɗen maƙwabta ne ya sake lalacewa?" Ban ga laifinta ba. Ni ma da na kunna abin hayaniya kawai nake ji, ina gyaɗa kai ne don abokai su ce na waye. An daɗe kafin na gano abin da ke damuna: ban san inda zan ajiye kunnena a cikin kiɗan ba. Daga baya na zaunar da ƙanne da abokai da dama, na bi da su ta hanyar da zan bayyana a nan. Tana cin kamar mako biyar, rabin awa a rana, kuma ba sai ka iya kaɗa wani abu ko ka ji Turanci ba.

Sunayen kiɗe-kiɗen na bar su yadda masu su ke rubutawa, saboda a bakin Bahaushe funk da punk duk "fank" ne, alhali tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Kayan da za ka tanada

Na farko abin sawa a kunne, ko iyafis mai waya ko babba mai rufe kunnuwa. Ba sai mai tsada ba, amma dole kunnuwan biyu su kasance suna aiki. Sifikar jikin waya ba za ta yi wannan aikin ba, domin ba ta iya fitar da amon jitar bes, mai kaurin nan da ake ji a ƙirji, kuma rabin abin da za mu nema can yake. Wasu na jefa waya cikin kwano don ƙara ta ƙaru. Ƙarar na ƙaruwa, kaurin kuwa ba ya zuwa. In ba ka da iyafis, rediyon mota da gilasai a rufe ya fi, ko sifika biyu na ɗaki, ka zauna a tsakiyarsu.

Na biyu littafi da biro. Na uku wuri da lokaci: inda babu janareta a kusa, kuma ba lokacin da kake jiran kira ko aike ba. Ni bayan isha'i nake yi.

Na huɗu waƙoƙin kansu. Guda huɗu kacal za mu fara da su, ta funk, ta jazz, ta punk da ta metal a jere: "Cold Sweat" ta James Brown, 1967, cikakkiyar da ta haura minti bakwai, "So What" ta Miles Davis, daga faifan Kind of Blue na 1959, minti tara da 'yan kai, "Blitzkrieg Bop" ta Ramones, 1976, minti biyu da daƙiƙa goma sha biyu, da "War Pigs" ta Black Sabbath, daga faifan Paranoid na 1970, kusan minti takwas. Na ba ka tsawon kowacce ne don ka gane in an ba ka wata daban. Na taɓa zuwa wajen wani mai tura waƙa a kasuwa na ce ya sa min jazz, ya cika min memori da busar saksafon mai laushi irin wadda ake sakawa a falon otal. Wata biyu ina cewa jazz kiɗan barci ne. Saboda haka ka rubuta sunan waƙa da na mai ita a takarda ka miƙa, ko ka nemo da kanka a YouTube ko Spotify ko Audiomack, kuma ka zaɓi ɗaukar situdiyo, ka bar ta dandali sai gaba.

Ka duba nauyin fayil. MP3 mai lamba 128 yana cin kusan megabait ɗaya a minti, mai lamba 320 kuma kusan biyu da rabi. In ka ga waƙar minti tara ba ta kai megabait huɗu ba, an matse ta har farantan ƙarfen da mai ganga ke duka sun koma kamar ana soya wainar fulawa. In data ta yi ƙaranci, ka sauke huɗun nan sau ɗaya masu kyau ka adana, sun ishe ka wata guda.

1. Daidaita ƙara, ka kashe kwaskwarima

Ka shiga saitin waya ka kashe duk abin da ke ƙara kaurin bes ko yake sa sauti ya yi kamar a cikin kogo. Ka tabbata kuma ba a haɗe kunnen dama da na hagu sun zama ɗaya ba, domin wasu wayoyin na da wannan saitin. Ƙara kar ta wuce kashi 60 cikin ɗari, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan. Ma'aunin da nake amfani da shi: in aka yi maka sallama a bakin ƙofa ba ka ji ba, ta yi yawa. In ka cire iyafis ka ji kunne na yi maka "wiii", ka huta har gobe. Masu fara punk da metal sun fi faɗawa wannan kuskuren, suna zaton daɗin a ƙarar yake, sai ƙarar ta dunƙule musu komai wuri guda.

2. Koyi ƙirga huɗu

Duk waƙoƙin nan huɗu a kan ƙirgen huɗu suke tafiya. Ka kunna "Blitzkrieg Bop", ita ce mafi sauƙi a nan, ka bar ƙafarka ta kama bugun da kanta, sannan ka fara faɗi a bayyane: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka koma ɗaya. Kowane huɗu mu kira shi gida ɗaya. Za ka ji babbar gangar da ake takawa da ƙafa tana "dum" a kan ɗaya da uku, ƙaramar mai tsara tana "tas" a kan biyu da huɗu. In tas ɗin ya faɗo maka a kan ɗaya, ka kife ƙirgen, sai ka dakata ka sake kamawa.

Da ka iya wannan, ka koyi ƙirga gidajen kansu da yatsu: gida ya cika, ka lanƙwasa yatsa. Za ka lura sauyi yakan zo ne bayan gida huɗu, ko takwas, ko goma sha shida. Ranar da ka ce "yanzu za a sauya" kuma aka sauya, ka wuce wannan matakin. Kar ka tsallake shi don ya yi kama da wasan yara, jazz ba zai buɗe maka ba sai da shi.

3. Waƙa ɗaya, sauraro biyar

Wannan ita ce uwar dabarar, kuma da ita za ka bi kowace waƙa. Karo na farko ka ji ta daga farko har ƙarshe, ba tsayawa, ba duba waya, sannan ka rubuta layi ɗaya a kan abin da ka ji a ranka, ko da "na gaji" ne. Karo na biyu ka bi mai ganga shi kaɗai, kamar yadda kake bin mutum ɗaya da ido a cikin kasuwa. Karo na uku mai bes. Na huɗu jita ko fiyano ko masu busa. Na biyar murya, in akwai, sannan ka saki kunnenka ya ji su gaba ɗaya.

Bes ne ke wahalar da kowa. Ga dabara: a faifan Ramones na farko, wanda "Blitzkrieg Bop" ke ciki, an ajiye bes a kunnen hagu, jita a kunnen dama, ganga da murya a tsakiya. Ka cire na dama, sai ga bes tsirara. Ka saurare shi haka sau biyu, ka mai da iyafis ɗin, za ka ga ya daina ɓace maka. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa raba iyafis da aboki, kai ɗaya shi ɗaya, ɓarna ce: kowannenku rabin waƙa yake ji.

Kada ka yi biyar ɗin a zama ɗaya in waƙar doguwa ce. Biyu yau, uku gobe.

4. Mako na farko: funk

Da funk nake sa mutane su fara, domin shi ya fi kusa da kunnenmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ji mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san sirrinsa: kowace taɓarya da gurbinta, babu mai faɗawa a kan ta wata, kuma daɗin yana cikin yadda suke saƙuwa. Haka James Brown ya mai da ƙungiyarsa. Jita ta daina rera komai ta koma ƙirƙir kamar kaza na tono, masu busa suna jefa gajerun amo kamar bugun ganga, shi kansa ihunsa da nishinsa bugu ne.

A "Cold Sweat" abin da za ka nema shi ne ɗaya. Brown ya shahara da dagewa cewa nauyin kiɗa ya sauka a kan bugun farko na gida, sauran ukun kowa ya yi wasansa, amma a haɗu a ɗaya. Ka bi mai ganga, Clyde Stubblefield, za ka ji akwai tas ɗin da yake jinkirtawa, ba ya zuwa inda kake jiransa sai ɗan bayan nan. Wannan ɗan jinkirin ne ke sa kafaɗa motsi. Sabon shiga yakan rikice a nan ya ɗauka ya ɓatar da ƙirge. Ka riƙe ƙafarka yadda take, gida na gaba zai same ka a daidai.

Asali an raba waƙar biyu, gaba da bayan ƙaramin faifai, kuma wurin da Brown ke neman a ba mai ganga fili yana kashi na biyu. In aka ba ka ta minti uku, an yanke maka wajen naman.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran waƙar ta "je wani wuri". Ba ta zuwa ko'ina, tana tsaye tana juyawa, sauye-sauyen ƙanana ne sai ka kasa kunne. Wanda ya saba da Fela Kuti ba zai sha wahala ba, kuma dangantakar ta gaske ce: Brown ya zo Legas a ƙarshen 1970, yaransa suka je gidan rawar Fela, ciki har da Bootsy Collins mai bes, yana ɗan shekara 19, wanda ya sha faɗin yadda abin ya girgiza su. A ƙarshen mako ka jera "Cold Sweat" da kowace waƙar Fela ta shekarun 1970, ka kwatanta hannun Stubblefield da na Tony Allen, mai gangar Fela. Na Allen ya fi yaɗuwa, kamar mutum huɗu ne a kan gangunan.

5. Mako na biyu, har na uku in ta kama: jazz

Nan za mu daɗe. Ƙorafin da nake ji kullum shi ne, "Kowa na busa abin da ya ga dama." Akwai ƙa'ida, kuma mun san irinta a gida. Waƙar baka tana da gindi da 'ya'ya: Shata ya kafa gindi, 'yan amshi su riƙe, shi kuma ya yi ta ɗora 'ya'ya nan take gwargwadon wanda ke gabansa. A jazz ma ana kafa gindi a farko, sai makaɗa su karɓa ɗaya bayan ɗaya kowa ya ƙirƙiro nasa a kan ma'auni guda, a ƙarshe a dawo gindi a rufe. Bambancin shi ne da zarar an faɗi gindin sai a ɓoye shi, kai mai sauraro ne za ka riƙe shi a ka.

Kunna "So What". Rabin minti na farko fiyano da bes ne ke lalube, kar ka ƙirga komai tukuna. Sai bes ya fara gindin. Wannan bes na katako ne, kamar ƙaton goge a tsaye da ake tsinka da yatsu, Paul Chambers ke riƙe da shi. Yana yin kira, a amsa masa da amo biyu, dogo da gajere, da farko fiyano, daga baya masu busa su shigo cikin amshin. Daga nan ka fara lanƙwasa yatsu. Gindin gida 32 ne: goma sha shida a ƙasa, a gida na 17 sautin ya ɗan ɗaga kamar an taka dakali, ya yi takwas a can, a na 25 ya sauko ya yi takwas. Zagaye ɗaya bai cika minti guda ba. Wannan hawa da saukar yana nan a ƙarƙashin kowa har waƙar ta ƙare, kuma shi ne igiyar da za ka riƙe.

Wajen minti ɗaya da rabi mai ganga Jimmy Cobb zai doki faranti ya bar shi yana amo, Miles Davis ya shigo da turampet. Ka lura da yadda yake barin fili, ya faɗi kaɗan ya yi shiru, kamar dattijon da ya san za a jira shi. Wajen minti uku da rabi John Coltrane ya karɓa da saksafon mai kauri daga kunnen hagu, shi kuma kamar an ɓalle bakin rafi. Bayan minti biyar Cannonball Adderley ya shigo daga dama da saksafon mai zaƙi, mai fara'a da kwarkwasa. Wajen minti bakwai Bill Evans da fiyano, sannan gindi ya dawo. Ma'auni ɗaya, mutum huɗu, hali huɗu. Aikinka na wannan makon shi ne ka kai inda za a kunna maka tsakiyar waƙar ka ce wane ne ke busa. Sa wani ya riƙa tsallaka maka ita yana tambayarka.

A jazz nauyin tafi yana kan biyu da huɗu. Ka nemo ɗan "cik" na farantai biyu da mai ganga ke kifawa da ƙafar hagu, can yake. Mai tafi a ɗaya da uku yakan ji kiɗan ya yi masa tauri bai san dalili ba.

Da ka gama, ka koma "Cold Sweat" ka saurari masu busa. Pee Wee Ellis, wanda ya tsara ta tare da Brown, ya faɗa da bakinsa cewa daga amshin "So What" ya samo nasa. Ranar da na ji wannan da kunnena sai da na tashi zaune.

In "So What" ta yi maka sanyi da yawa, ka fara da "Moanin'" ta Art Blakey, 1958, kira da amshinta a fili suke kuma akwai zafi. In kana son tushe, ka nemi "West End Blues" ta Louis Armstrong, 1928. Kar shashshakar tsohon faifai ta kore ka, kuma gajartarta ba rowa ba ce, faifan garmaho na lokacin minti uku da ɗoriya yake ɗauka a fuska ɗaya. Armstrong ɗin nan ya zo Najeriya a 1960, akwai ma hotonsa da Sardauna.

6. Punk: kwana uku sun isa

A nan ka ajiye ma'aunin da ka auna jazz da shi, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Wanda ya zo punk neman gwaninta zai koma hannu rabbana. Faifan Ramones na farko waƙa 14 ne cikin minti 29, an ɗauke shi a New York da kuɗin da bai wuce dala 6,400 ba, a zamanin da manyan ƙungiyoyin rock ke kwashe watanni a situdiyo suna waƙar minti ashirin. Gajartar da gaggawar martani ne gare su. Ka saurari jitar Johnny Ramone: hannunsa ƙasa kawai yake duka, ba ya dawowa sama, bugu takwas a kowane gida ba hutu, da kamu uku ko huɗu a wuyan jita. Gwada kaɗa hannunka haka a cinya na minti biyu, za ka daina cewa abin banza ne.

Abin tambaya a punk shi ne: da wa ake faɗa? Zambo ne da habaici, sai dai ba a lulluɓe shi. A Ingila, Sex Pistols sun yi wa sarauniya zambo a 1977, shekarar da ta cika 25 a kan gado, BBC ta hana sa waƙar. A birnin Washington kuwa, Minor Threat sun yi "Straight Edge" a 1981, daƙiƙa 46, suna shelar cewa ba ruwansu da giya da ƙwaya. Daga birnin kuma akwai Bad Brains, baƙaƙen fata da suka faro da jazz na lantarki kafin su koma punk, shi ya sa gudunsu ya wuce na kowa amma ba sa tuntuɓe, kuma sukan tsaya tsakiyar wuta su yi reggae. Faifansu na farko a 1982 a kaset kawai ya fito.

Kar ka ce an ba ka fayil mara kyau don ka ji ɗaukar ta yi kaushi. Yawanci haka aka yi ta, da gangan ko don rashin kuɗi.

7. Mako na huɗu: metal

Kalmar da za ta buɗe maka metal ita ce take. Yadda kowane basarake da kowane ɗan dambe ke da takensa, 'yar gajerar jimlar kiɗa da ake maimaitawa har a gane shi da ita, haka waƙar metal ke ginuwa a kan taken jita. Waƙa ɗaya na iya ɗaukar take biyar ko fiye, a jera su kamar ɗakuna. Aikinka ka ƙirga su, ka ba kowanne suna a littafinka: "mai jan ƙafa", "mai sara biyu", duk abin da zai tuna maka.

"War Pigs" tana farawa a hankali, da nauyi, jiniya na kuka a baya. Sai komai ya tsaya, a sara sau biyu, a bar farantai kaɗai suna cik-cik, mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya jefa layi ɗaya, a sake sarawa. Kira da amshi ne wannan ma, jita ce 'yar amshi. Ka bi mai ganga Bill Ward a guraben da ake bar masa, za ka ji hannun wanda ya tashi da sauraron jazz, yana lilo, ba ya tafiya kamar inji. Ka bi bes ɗin Geezer Butler lokacin da jita ta tafi yawonta, shi ma nasa yawon yake yi a ƙasa.

Sanin inda amon ya fito yana taimakawa. Black Sabbath 'yan Birmingham ne, garin masana'antun ƙarfe a Ingila. Mai jitarsu Tony Iommi, bahago, yana ɗan shekara 17 injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya fid da rai, sai wani shugabansa a wurin aiki ya kunna masa faifan Django Reinhardt, gwanin jitar jazz da gobara ta nakasa wa yatsu biyu a 1928 amma ya ci gaba da kaɗawa. Iommi ya narka robar kwalba ya yi wa yatsunsa huluna, ya koma tsirkiya marasa kauri, daga faifansu na 1971 kuma ya sassauta ɗaurinsu a wasu waƙoƙin, amon ya ƙara zurfi da duhu. Gurnanin da kake ji kuwa daga ƙure amfilifaya ne har sauti ya tsage.

Babban kuskure shi ne farawa da nau'in da mawaƙi ke gurnani kamar zaki, ganga na zuba kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Wannan sai kunne ya ƙosa. Bayan Black Sabbath ka je "The Trooper" ta Iron Maiden, 1983, inda bes ɗin Steve Harris ke sukuwa kamar dokin hawan sallah. Sannan "Orion" ta Metallica, 1986, minti takwas babu murya ko kaɗan, da wani sashe mai sanyi a tsakiya inda bes ɗin Cliff Burton ke jan ragama. A shekarar ya rasu, a haɗarin mota a Suwidin.

In har yanzu amon jitar lantarki na ƙona maka kunne, ka bi ta Nijar. Mdou Moctar, Ba'abzine kuma shi ma bahago, ba metal yake yi ba, amma a faifansa Afrique Victime na 2021 jita na ihu a kan bugun da kunnenmu ya riga ya sani. Kwana biyu da shi, ka dawo.

8. Duba abin da ake faɗa

Sai yanzu za ka nemi kalmomin waƙa a intanet, bayan kiɗan ya zauna, domin in ka fara da su ido zai ƙwace aikin kunne. Kuma ka duba da kyau. A cikin waɗannan kiɗe-kiɗen akwai batsa, akwai zagi, a wani ɓangaren metal akwai masu wasa da sunan Shaiɗan da izgili ga addini, wasu don tsoratarwa irin ta fim, wasu da gaske suke. Ba dole ka haɗiye komai don a ce ka waye ba, ni akwai ƙungiyoyin da na sani sarai kuma ba na sa su. Amma kar ka yanke hukunci da hoton bangon faifai kaɗai. "War Pigs" tsinuwa ce ga shugabannin da ke kunna yaƙi su tura talakawa su mutu, ta ƙare da ranar hisabi. "Master of Puppets" ta Metallica kuwa a kan yadda ƙwaya ke bautar da mai shanta take. Wanda ba ya son murya sam, yawancin jazz babu ita, funk ma akwai irin su "Cissy Strut" ta The Meters, 1969. In da yara ko iyaye a kusa, iyafis ya raba gardama.

9. Mako na biyar: bi sawun makaɗa

Kar ka bar manhaja ta zaɓa maka abin da za ka ji gaba, za ta yi ta juya ka a wuri ɗaya. Ka buɗe littafinka ka ga wane makaɗi ne ya fi yawan fitowa a rubutunka, ka nemi sunansa a Discogs, shafin bayanan faifai a intanet, ko Wikipedia, ka ga da wa ya yi aiki kafin nan da bayan nan. In Coltrane ne ya kama ka, ga A Love Supreme na 1965. In Bootsy Collins ne, ka bi shi zuwa wajen George Clinton da ƙungiyarsa ta funk, Parliament-Funkadelic, inda za ka tarar da Maceo Parker, mai saksafon ɗin da Brown ke kira a "Cold Sweat". In kana son ka ji jazz da funk a tukunya ɗaya, Herbie Hancock, wanda ya yi wa Miles Davis fiyano daga 1963 zuwa 1968, ya fitar da Head Hunters a 1973. Tsakanin punk da metal kuma akwai Motörhead, waɗanda kowane ɓangare ke cewa nasu ne.

A wannan matakin ka fara jin faifai sukutum, a jeren da masu shi suka tsara, ka kashe abin da ke cakuɗa waƙoƙi. Faifan roba fuska biyu ne, kowace kamar minti ashirin, kuma da wannan lissafin aka jera waƙoƙin, saboda haka in ka kai rabi ka tsaya ka sha ruwa kafin ka ci gaba. Faifai ɗaya a mako ya isa. Wanda ka ji sau biyar ta hanyar mataki na 3 bai shige ka ba, ka rubuta sunansa da kwanan wata a shafin ƙarshe na littafin, ka ɗauko wani, ka sake gwada shi bayan wata shida.